Ƙugiyar ƙarfe ko ta roba: wadda zan saka a taragun ƙaramin jirgin ƙasa na HO

Malam, kan tambayarka ko ƙugiyoyin roba, masu haɗa tarago da tarago, da suka zo da sababbin taragunka na HO (wani girma ne na ƙananan jiragen ƙasa na tebur) za su zauna lafiya da na ƙarfe na kamfanin Kadee: za su kama juna, wannan babu tantama. Sai dai kamawa daban, riƙewa daban. Ni dai shawarata ka sayi Kadee lamba 148, ka haɗa da ma'aunin tsayin ƙugiya, ka huta.

Dalilin da ya sa suke kama juna shi ne duk jikokin abu ɗaya ne. Siffar nan ta hannu biyu da suka sarƙe yatsu ta fito ne daga ƙugiyar da Eli Janney ya yi wa rajista a Amurka a 1873 don jirgin ƙasa na gaske. Tagwayen nan Keith da Dale Edwards, waɗanda daga haruffan farko na sunansu aka samo Kadee, su suka ƙanƙantar da ita ta yi aiki a kan tebur, har maganaɗisu yana buɗe ta. Bayan wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a shekarun 1990 sai ƙugiyoyin roba irin su McHenry da E-Z Mate na Bachmann da Accumate da sauransu suka fito, kowa ya auna bakinsa da na lamba 5, tsohuwar ƙugiyar Kadee. Shi ya sa ba ka da matsalar haɗuwa in dai duka na HO ne.

Akwai wani tsohon tarago na kwal da na saya na hannu, da lamba 5 a gaba da baya. Ban san shekarar da mai shi na farko ya ɗaura su ba, amma a hannuna ya haura shekara goma sha biyar. Shi nake sakawa daf da kan jirgi, inda nauyin duk jerin yake taruwa, don na san ba zai ba ni kunya ba. Na sha jan taragu talatin da shi a hawa, in tsaya a tsakiyar hawan, in sake tashi, kana jin ƙarar nan tana bin jerin ɗaya bayan ɗaya yayin da kowace ƙugiya ke miƙewa, shi kuwa ko gezau. Sau ɗaya tak na taɓa shi: ɗan sifirin ɗin da ke gefen kai, mai mayar da muƙamuƙin ƙugiyar, wato ɓangaren da ke buɗewa, ya rufe, ya yi tsalle ya ɓace ina goge ƙura. Na ɗauko wani daga cikin na ƙari da suke zubawa a ambulan, na maƙala shi da tsinin wuƙa, minti biyar an gama. Abin da nake so game da ƙugiyar Kadee ke nan, abin da zai iya lalacewa ƙarami ne, kuma ana musanya shi. In za ka saka sifirin ɗin, zura zare ta cikinsa tukuna, in ya kuɓuce ba zai yi nisa ba, in ya zauna ka zare zaren a hankali.

To me ya sa ban ce lamba 5 ba? Kai ɗaya ne da na 148, ƙarfe ɗaya, ƙarfi ɗaya. Bambancin yana ƙota, wato ɓangaren da ke shiga ɗan akwatin da ke riƙe ƙugiyar a ƙarƙashin tarago. Lamba 5 tana da wani sifirin na tagulla daban, mai kamar ɗan tire, da ake shimfiɗawa a cikin akwati don ya riƙa dawo da ita tsakiya. In ka saka shi a juye ko ya ɗan lotse, ko murfin akwatin ya danne shi, ƙugiya za ta tsaya a karkace. Ita 148 siraran wayoyi biyu ne manne a ƙotar, kamar gashin bakin kyanwa. Ka jefa a akwati, ka rufe, ka ɗaure. Ga wanda zai canja tarago ashirin a zama ɗaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Na robar kuwa suna jan jirgi gajere a shimfiɗaɗɗen layi, iyakar abin da zan ce ke nan. Amma ka duba gefen kan kowace, don ba duka suka zama ɗaya ba. Wadda take da naɗaɗɗen sifirin na ƙarfe, bar ta sai ranar da ta gaza. Wadda kuma ɗan yatsan roba ne ke tura muƙamuƙin, cire ta yau. Roba in ta daɗe a lanƙwashe tana riƙe lanƙwasar. Na taɓa sayen wasu marasa suna a jiki, cike da leda, don na ga da yawa. Na bar jirgi a fake makonni, taragun a matse da juna, muƙamuƙan a ɗan buɗe. Ranar da na tayar da shi ya kai rabin hawa ya tsinke, taragu tara suka gangaro da baya, na ƙarshe ya bar dogo a kwana ya faɗo ƙasa. Har yanzu ina jin zafin wannan taragon, don ni na yi masa fenti da hannuna. Accumate ita tata hanyar daban ce, gida biyu ce da ke buɗewa kamar almakashi, babu wani sifirin da zai ɓace, kuma tana kama Kadee.

Yanzu ga inda mutane ke ɗora wa ƙugiya laifin da ba nata ba. Mafi yawan tsinkewar da na gani tsayi ne ya jawo. A ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, tsakiyar kan ƙugiyar HO yana zama inci 25/64 daga saman dogo, wato kusan milimita 10. In ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, rabin baki kawai suke riƙe da shi. A miƙaƙƙen layi ba za ka lura ba, sai an zo inda hawa ya fara ko ya ƙare, ɗaya ta zame ta saman ɗaya. A nan ƙarfe ya fi roba da wani abu kuma: ƙotar roba tana ɗan lanƙwashewa in nauyi ya yi yawa, kan ya ɗaga, ya fita. Saboda haka ma'aunin Kadee, lamba 205 ko 206, shi ne sayayyar farko tun kafin ƙugiyar. Ɗauki 206, don ita ba ta haɗa wuta in ka ɗora ta a dogon da ke kunne. In ƙugiya ta yi ƙasa, saka washa tsakanin jikin tarago da ƙafafunsa. A washoshin Kadee, kaurin jajayen inci 0.015 ne, masu ruwan toka 0.010. In tazarar ta wuce washa biyu kada ka ci gaba da jibgawa, tarago zai riƙa rangaji. Nemi mai ƙota a sama ko a ƙasa da tsakiyar kai, don haka aka yi su. In kuma reto take a cikin akwati, to akwatin ne ya yi mata yawa, ɗan siririn falle a ƙarƙashin ƙota ya isa.

Sai wayar nan da ke lanƙwashe a ƙasan kai, wadda maganaɗisu ke ja. Ta tsaya inci 1/32 sama da dogo. In ta sauka za ta tokari mararrabar layi ta kayar da tarago, ka yi ta zargin ƙafafu. Akwai filaya ta musamman, lamba 237, da ke lanƙwasa ta ba tare da ta ɓalle ba.

In kana son raba tarago da maganaɗisu ba tare da sa hannu ba, a nan gauraya Kadee da na roba take damuna. Dabarar ita ce ka tsaya kan maganaɗisun, ka sassauta, wayoyin su ja gefe da gefe, ka ɗan janye, ka sake turawa. Bakunan sai su haɗu a goce, ka tura taragon har inda kake so ka bar shi. Wannan na buƙatar ƙugiyoyin biyu su riƙa lilo da sauƙi iri ɗaya. Kadee da Kadee, an ɗan busa musu garin garafait, baƙin gari mai sa santsi, ina samunsa kusan kullum. In an gauraya sai a hankali. Kada ka sa mai, ƙura yake tarawa. In da tsinke kake rabawa kamar yadda nake yi a yawancin wurare, wannan duk bai shafe ka ba.

Za ka ga lamba 58 da 158 masu ƙaramin kai, sun fi kama da na gaske a ido, kuma suna kama manyan. Amma ƙaramin baki ba ya yafe kuskuren tsayi, don haka sai layinka ya zauna daram tukuna. Ƙugiyar Sergent kuwa, ta wani kamfani daban, kyakkyawa ce ƙwarai, da sandar maganaɗisu ake buɗe ta daga sama, amma tata duniyar ce, kada ka saye ta da niyyar gaurayawa. Abu ɗaya da za ka kula a ƙugiyar ƙarfe: in jikin kan jirgin ƙarfe ne mai ɗauke da wuta, saka ta a akwatin roba, in ba haka ba ranar da ka haɗa kai biyu wuta na iya haɗuwa ta cikinta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da taragu na hannu. Wani zai rubuta an saka Kadee, in kaya sun iso ka tarar roba ce baƙa. Wani ya fake da cewa tana dacewa da Kadee, wanda gaskiya ne amma ba shi ka biya ba. Kada ka gwada da maganaɗisu, zai yaudare ka: kan Kadee ba ya kama maganaɗisu, wayar ƙasan kuwa ƙarfe ce a dukkansu. Ɗan kankare ƙasan kan da wuƙa, in fari mai ƙyalli ya bayyana ƙarfe ne. Kafin ka biya, ce a ɗauko maka hoton kowane ƙarshe daga kusa, ta gefen da sifirin yake, da kuma ƙasan taragon. Na ga wanda aka liƙe murfin akwatinsa da gam, ƙugiya ta daskare, hoton kuma daga sama kawai aka ɗauka. Mai sayarwar da ya ƙi ƙara hoto, bar masa kayansa.

Ba sai ka canja duka rana ɗaya ba. Fara da kan jirgi da taragu biyar na gaba, sannan duk mai yatsan roba, kowanne ka bi da shi ta ma'auni kafin ya hau layi. Sauran, duk wadda ta saki jirgi sau ɗaya ka cire ta a ranar, ka sa 148 a gurbinta.