Shekara bakwai da tsohuwar Celica a Kaduna: mota ce mai daɗi, amma kar a ce min jari ce

Shekaranjiya da yamma ina wajen wankin mota a Unguwar Rimi wani matashi ya zagaya motata har sau biyu yana ɗaukarta hoto, sannan ya matso yace "Yaya don Allah ka riƙe wannan da kyau, nan da shekara goma dukiya ce, irinsu ake nema yanzu a Amurka". Dariya kawai nayi, don wallahi maganar da nima na faɗa wa kaina kenan a 2018 ranar da na ƙirga kuɗi na miƙa wa dillali, shi kuma yana ta zuga ni da tsohuwar zuma da ita ake magani. To tunda mutane suna yawan tambayata a kanta bari kawai in rubuta yadda zamana da ita ya kasance.

Motar Toyota Celica ce ta 2001, ƙofa biyu, manuwal, zubin ƙarshe kenan da kamfanin yayi daga 1999 zuwa 2006 sannan ya rufe babin sunan, bayan an faro shi tun 1970. Naira miliyan 1.8 na saye ta, wani ya shigo da ita ta Kwatano ya hau wasu shekaru sannan ya sa ta a kasuwa.

Bari in fara da alherinta don kar a ce ban mata adalci ba. Tuƙinta akwai daɗi, wannan ko maƙiyinta zai yarda. Zaman kujerar can ƙasa yake kamar kana zaune a tabarma, sitiyarin yana jin magana, in ka fito da asubar Lahadi titi ba kowa ka bi ta gadar Kawo ka miƙe hanyar Zariya kana canza giya da hannunka, akwai wani nishaɗi da ba za ka taɓa samu a otomatik ɗin da kowa ke hawa ba. Ba ta da nauyi, don haka shan manta da sauƙi in ka kwatanta da manyan motoci masu silinda shida, kuma a shekara bakwai sau ɗaya tak ta taɓa ajiye ni a hanya, shi ma batir ne ni nayi sakaci da shi. Bayan ma in ka kwantar da kujeru buhun shinkafa biyu na shiga lafiya lau, na sha yi.

Matsalarta kuma ba laifinta bane, laifin inda na kawo ta ne. Ƙasa take sosai. Duk wani bam da mutanen unguwa suka gina da kansu a layi sai na karkace na hau shi a kaikaice kamar kaguwa, masu adaidaita na bayana suna ta hon, kuma duk da haka sai kaji ƙuuu a ƙarƙashi. Da damina akwai layukan Tudun Wada da Rigasa da bana ma gwadawa, sai in ajiye ta a bakin kwalta in ƙarasa da ƙafa. Bambar gaba sau uku ana ɗaure min ita. Kujerar baya kuwa suna ce kawai, yara ƙanana ne ke iya zama, ranar da na ɗauko kawuna daga tasha sai da muka yi dabara kafin ya fito daga gaba ma, yana fita yace "kai yanzu da kuɗinka ka sayi wannan wahalar?" Maman yara ita tun farko sunan da ta sa mata kishiya.

Yanzu ga inda labarin yake. Celica ta wannan zubin kala biyu ce a kasuwar Amurka, akwai GT mai injin 1ZZ dokin ƙarfi 140, akwai GT-S mai injin 2ZZ dokin ƙarfi 180 wanda aka yi da hannun Yamaha a ciki, shi ne wanda in allurar juyin inji ta haura wajen 6,000 sai injin ya canza murya motar ta ƙara zabura kamar an tsikare ta. Wannan ta biyun ita masu sha'awa ke so. Tawa a bayanta GT-S aka rubuta, giya shida gare ta, dillali ya rantse min ba a taɓa taɓa injin ba, ni kuma lokacin ido ya rufe. Wata huɗu ina taka ta ina jiran wannan zaburar da nake gani a bidiyo, shiru. Sai ranar da na kai ta Panteka wajen wani dattijon bakanike a duba min wata ƙara, ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo, ya goge murfin injin da tsumma yace "Alhaji zo ka karanta min nan". Na karanta, VVT-i. Yace "to na asalin VVTL-i ake rubutawa, kai L ɗinka ya faɗi a hanya, wannan injin Corolla ne". Harafi ɗaya jama'a. Ashe wanda ya riƙe ta kafin ni injin ya buga masa, na asalin yayi tsada ko bai samu ba, aka ɗauko na Corolla aka dasa aka gyara wayoyi, aka rufe bonet.

Na kwana biyu ina jin haushi, na koma wajen dillalin yace shi ma haka aka kawo masa, ka san zancen. Amma abin dariyar shi ne wannan injin da ya kashe mata daraja shi ne ya sa har yau take tafiya. 1ZZ shi ne a Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Matrix da Pontiac Vibe, wato duk lungun da ka shiga a Kaduna akwai mai kayansa kuma akwai yaron da ya iya kwance shi ido rufe. Fulog, famfon ruwa, koyil, duk a tafin hannu. Inda ake kuka shi ne kayan jiki. Fitilar gaba guda ɗaya da wani mai babur ya fasa min sai da nayi wata biyu ina jira daga Ladipo a Legas, da ta iso kuma ta ɓangaren da ba shi nake nema ba ce. Gilashin baya kuwa addu'a nake kullum kar wani yaro ya jefe shi da dutse.

To maganar jari. Abinda ke ruɗar mu shi ne labaran gwanjon da muke gani a waya, kuma ba ƙarya bane, sun faru. Toyota Supra ɗin nan ruwan lemo da aka yi fim da ita an sayar da ita dala 550,000 a Las Vegas a 2021. Wata Datsun 240Z ta 1971 ta tashi a dala 310,000 a 2020, motar da a zamaninta ta masu matsakaicin ƙarfi ce aka buga ta da yawa. Amma ka duba dalili, ita Supra labari aka saya ba ƙarfe ba, ita kuma Datsun tafiyar da tayi a kusan shekara hamsin bata wuce mil dubu ashirin da 'yan kai ba, wato a ɗaki aka kulle ta tana jiran wannan rana. Hangen Dala ba shiga birni ba. Su Ferrari 250 GTO da aka yi guda 36 kacal a duniya, wadda ɗaya ta kai dala miliyan 48.4 a 2018, wannan ma ba layinmu bane, bar su can.

Motar da aka buga da yawa hanyarta daban. Ɗauki Mazda MX-5, tun 1989 ake yinta, a 2016 ta cika miliyan ɗaya. Abinda aka yi miliyan ɗinsa ta ina zai yi wuyar samu? Abinda ke faruwa shi ne farashi yayi ta sauka har ya kai ƙasa, matasa su saya da araha su yi ta wasa da ita, wasu su yi hatsari, wasu tsatsa ta cinye, wasu a yanka a sayar da kaya, sai bayan shekara ashirin da biyar ko talatin waɗanda suka yi sha'awarta suna yara sun girma sun yi kuɗi su dawo nema, a lokacin masu tsafta sun yi kaɗan. Su waɗannan 'yan kaɗan ɗin ne ke tashi, fentin asali, injin asali, takardar kowane sabis a ajiye, kuma yawanci samfurin da ya fi ƙarfi. Ko a gidan Celica ɗin wadda ake rububi GT-Four ce mai jan ƙafa huɗu, irin wadda Carlos Sainz ya ci gasar tseren daji ta duniya da ita a 1990 da 1992. Tawa sunan kawai suka haɗa. Sannan su can har doka tana taimakon farashi, a Amurka sai mota ta cika shekara 25 ake barin shigo da wadda ba a yi ta don kasuwarsu ba, shi ya sa motar Japan da ake rububi in ta kusa cika wa'adin sai kaga kuɗinta ya fara hawa.

Mu nan wa zai saya? Wannan ita ce tambayar da ban yi wa kaina ba. Mu 'yan Kaduna ma bai kamata a ba mu labari ba, ga Fijo 504 nan da aka yi ta haɗawa a Kakuri tun da kamfanin ya fara aiki a 1975, motar gwamnati ita, motar haya ita, motar ango ita. Yau ka nemi mai tsafta a garin nan sai ka sha yawo, yawancinsu 'yan gwangwan sun auna a kilo. Wato ta yi wuyar samu kenan, amma fa wanda ya ajiye tasa in ya fito da ita mutane za su taru su yi hoto su ce Allah sarki ta tuna min da Baba, sai a watse ba wanda ya taya da kuɗin kirki. A Turai ma wadda suke biya da tsada ita ce 504 mai ƙofa biyu da Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, ba irin tamu ta tashar Kawo ba. Mai kuɗin garin nan in zai kashe miliyoyi sabon yayi yake so wanda za a gani a wajen ɗaurin aure a san ya iso, tsohuwar mota ko ta shekara nawa ce sunanta tsohuwar mota.

Ga lissafina, kowa ya duba da kansa. Watan jiya wani ya taya ta miliyan 5.5, abokaina suna ta cewa kai ka ci riba ninki uku. Na saya miliyan 1.8 lokacin dala tana wajen naira 360, wato kamar dala 5,000. In ka raba miliyan 5.5 da farashin dala na 2025, wajen naira 1,500, bai kai dala 3,700 ba. Motar bata tashi ba, naira ce ta faɗi, kuma kowace tsohuwar Corolla a garin nan ta yi irin wannan "tashin" ba tare da an kira ta ta tarihi ba. Ban sa kuɗin fenti da na sake ba saboda ranar Kaduna ta cinye rufin, ban sa shokoba sau biyu ba, da tayoyi, da kulochi, da sabunta takardu duk shekara, da man da nake saya 145 a lokacin yanzu tun bayan cire tallafi a 2023 kowa ya san inda ya kai. Shi kansa fentin da na sake, a wajen masu tara irin motocin nan ragi ne ba ƙari ba. A shekarar da na saye ta wani abokin aikina ya sa kusan irin kuɗin a fili ta wajen Millennium City, bana son ma in faɗi abinda ake taya masa yanzu, kuma filin bai taɓa neman bakin mai ba. Wani malamin unguwarmu da yaji ina cewa jari ce sai yace to Alhaji in kayan kasuwa ce sai mu zauna mu yi lissafin zakka, nan take nace a'a Malam ta hawa ce.

In maki zan bata, a matsayin mota ta jin daɗi takwas cikin goma, a matsayin motar iyali uku, a matsayin wajen ajiye kuɗi biyu, shi ma don dai ta fi barin kuɗin a asusu naira na narkewa. Wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, yana da inuwar da zai ajiye ta, yana da bakanike mai amana kuma zuciyarsa na so, ya saya, ba zai yi nadama ba. Amma ya je da wanda ya san injin, a buɗe bonet a karanta murfi harafi bayan harafi, a duba lambar injin, a ɗaga ta a leƙa ƙasa a ga abinda bam ya yi mata, kar ya tsaya kallon rubutun da ke bayan but kamar yadda nayi.

Shi mai tayin miliyan 5.5 nace masa albarka. Ya sake kira jiya ya ƙara dubu ɗari biyu, ashe wai so yake ya cire salansa ya riƙa juyi da ita a wajen bikin abokansa. Maman yara tana gefe tana min alama da hannu in sallama, nace masa zan yi shawara, na kashe wayar na fita na lulluɓe ta da tamfol don hadari ya haɗo ta gabas.