Turkawa da Farisawa: Wa Ya Fi Wani Ƙarfi a Yaƙin Kan Iyaka?

Malam, ka yi tambaya: tsakanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Daular Safawiyya ta Farisa wa ya fi ƙarfi, kuma shin gabar Sunni da Shi'a ce kaɗai ta haɗa su faɗa?

In dai karon gaba da gaba ne, Turkawa ne a sama. A yaƙin Caldiran na 1514, Sarki Salim na Ɗaya ya zo da igwa da dakarun Janisari masu bindiga, suka ɗaure kekunan kaya da sarƙa suka ja daga a bayansu. Shah Isma'il kuwa barade ya dogara da su, 'yan Kizilbash masu jar hula, daga takobi sai baka. Haka dawakai suka yi ta afkawa bakin wuta. Salim ya shiga Tabriz, fadar Shah, amma kusan mako guda kawai ya yi ya juya, don guzuri ya yi ƙasa kuma sojoji sun ƙi yin hunturu a can.

To a nan dabarar Farisa take. Shah Tahmasp, ɗan Isma'il da ya gaje shi, ya daina tsayawa a kara. Da an ji rundunar Istanbul ta taso, tafiyar watanni, sai a ƙone gonaki, a kwashe mutane da dabbobi, a bar mata ƙasa fayau, doki ba ciyawa, soja ba gurasa. Sau uku Sarki Sulaiman, ɗan Salim, yana fitowa da kansa. Ya ci Bagadaza a 1534 ya riƙe ta, amma Tabriz sai ya shiga ya fita. Sulhun Amasya na 1555 ya bar wa Turkawa Iraƙi, Farisa ta tsira da Tabriz.

Shah Abbas ya fi kowa iya haƙuri a ganina. A 1590 ya yarda ya sallama Tabriz don ya ji da Uzbek a gabas, ya kafa sabuwar runduna ta bayin sarki daga yankin Kokasus, ya ƙwato birnin a 1603, ya kama Bagadaza a 1624. Sarkin Turkawa Murad na Huɗu ya karɓe ta a 1638. Iyakar da sulhun Zuhab na 1639 ya shata ita ce tushen ta Iran da Iraƙi a yau.

Batun addini gaskiya ne, ba za a kauce masa ba. Kabarin Imam Abu Hanifa da na Shehu Abdulƙadir Jilani suna Bagadaza, Najaf da Karbala kuma suna nan kudu da ita, don haka kowane ɓangare yana ganin amana ce a wuyansa. Amma akwai dukiya a ciki: siliki na Farisa kasuwar Bursa ta ƙasar Turkawa ake kai shi, har Salim ya taɓa hana cinikinsa don ya karya Shah.

Abin da ke ci min rai shi ne mutanen tsakiya, Kurdawa da Armeniyawa da mutanen Jojiya, waɗanda gonakinsu ne ake ƙonawa. A 1604 Abbas ya tayar da Armeniyawan Julfa daga gidajensu don kada Turkawa su same su. Da yawa sun halaka wajen ƙetare kogin Aras, attajiran cikinsu kuma aka zaunar da su a Isfahan, a unguwar da ake kira Sabuwar Julfa har yanzu.