Okomu ko Kuros Riba: wane kurmi Basakkwace zai fara zuwa?

Malam, ka ce hutunka na Disamba gajere ne, kana son ganin kurmi na asali, amma ka rasa na zaɓa tsakanin gandun dajin Okomu da na Kuros Riba. Ni dai shawarata, ka fara da Okomu.

Okomu yana jihar Edo, kimanin kilomita 60 daga Benin, ta garin Udo. Ƙarami ne, murabba'in kilomita wajen 200, kuma a 1999 aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Gonakin kwakwar manja da na roba sun kewaye shi, abin da ke damuna ƙwarai, amma cikinsa kurmi ne sosai: akwai giwayen kurmi, da biri mai farin maƙogwaro, da ɗakin kallo da aka gina a kan wani rimi mai tsawon kusan mita 40. Saiwar irin wannan rimin kan fito waje kamar katanga, har ta ɓoye mutum a tsaye. Kwana biyu sun ishe ka.

Kuros Riba kuwa sai an shirya. An kafa shi a 1991, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 4,000, kashi biyu: Oban, kusa da Kalaba, da Okwangwo can wajen Obudu. Yana cikin kurmi mafi daɗewa a Afirka, Oban ma ya haɗe da gandun Korup na Kamaru. Duwatsu ne da rafuka, tafiyar ƙafa ce ta gaske, ga santsi. Kada ka je da ran ganin gwaggon birin nan da aka san yankin da shi, wato gorilar Kuros Riba. Ƙiyasin da ake yi bai wuce 300 ba a Najeriya da Kamaru baki ɗaya, kuma gudun mutane suke yi.

Zafin ma daban yake. Namu na Sakkwato busasshe ne, can kuwa zufa ba ta bushewa, rigar da ka wanke da safe sai ta kwana da danshi. Ruwan da ke sauka a Oban a shekara ya ninka namu fiye da sau huɗu.

Disamba lokaci ne mai kyau ga duka biyun, don hanyoyi sun bushe. Ka tanadi takalmi sau-ciki saboda kwarkwasa, da riga mai dogon hannu, da gidan sauro. Ka kira ofishin gandun ka ji halin hanya kafin ka bar gida, kuma kada ka shiga sai da ma'aikacinsu.