Kunshin sandunan ƙasa na gareji ko shagon da ke ware da gida: kaya masu kyau, amma ba su cika ba

Kunshin da ake sayarwa a Amurka don haɗa wutar irin wannan gini da ƙasa yakan zo da sanduna biyu na ƙarfe masu rufin jan ƙarfe, tsawon ƙafa 8, kaurin inci 5/8, da maƙalai biyu da wayar jan ƙarfe lamba 6 AWG (ma'aunin kaurin waya na Amurka). Ta fuskar NEC, dokar aikin wutar lantarki ta Amurka, sashe na 250.32, lissafin ya yi daidai. Ginin da aka ja masa wuta daga babban akwatin wutar gida zuwa nasa ƙaramin akwatin dole ya samu tasa sandar ƙasa. Sanda ɗaya ba ta wadatar sai an auna an ga juriyarta ba ta wuce om 25 ba, shi ya sa yawancin masu aikin wuta suke kafa biyu su huta, da tazarar aƙalla ƙafa 6.

Sandunan suna shan guduma, sai dai kan yakan baje kamar naman kaza, maƙalin ya ƙi shiga. A zura maƙalin tun kafin a fara bugu. A kuma duba ko an rubuta a jikinsa cewa ya dace da binnewa, domin na arha tsatsa ke cinye shi. In an ci karo da dutse, ba a yanke sandar. A karkata ta har digiri 45, ko a kwantar da ita a rami mai zurfin inci 30.

Inda kunshin ya gaza shi ne babu sandar haɗa wayoyin kariya ta cikin akwati (wani ɗan ƙarfe mai sukurori, daban da sandar ƙasa), kuma wannan ke sa mai saye ya ɗauka sandar ƙasa ta gama komai. Ba ta gama ba. Wutar volt 120 da ta bi ƙasa mai juriyar om 25 amfiya 4.8 kawai za ta ja, bireka mai amfiya 20 ko gezau ba zai yi ba, jikin akwati kuwa yana ɗauke da wuta. Aikin sandar ƙasa shi ne kariya daga tsawa da hauhawar wuta. Abin da ke sa bireka ya faɗi shi ne wayar kariya da ta taho tun daga gida tare da masu wuta biyu da nutural, waya huɗu ke nan. Tun bugun NEC na 2008 aka daina yarda da waya uku a sabon aiki. Wayar kariya lamba 10 ta jan ƙarfe ta isa ga amfiya 60, lamba 8 ga amfiya 100.

A ƙaramin akwatin, a cire koren sukurun nan da ke haɗa nutural da jikin akwati. In aka bar shi, wutar da ke komawa za ta riƙa rabuwa ta bi wayar kariya da bututun ƙarfe.

Kunshin ya cancanci saye, amma a haɗa da sandar wayoyin kariya wadda ta dace da samfurin akwatin.