Garejin da ya gano abin da ke sa sitiyarin akori-kurata yawo

Kusan wata takwas ina fama da motar nan, tsohuwar akori-kura ce ƙirar 1994, in ka hau kwalta ka kai gudun 70 zuwa 80 sai ta fara yawo kamar akuyar da aka kwance, ka juya dama ta yi maka shiru sai can ta kwasa, ka dawo da ita hagu ta wuce gona da iri, tafiyar awa ɗaya kafaɗunka sun yi tsami. In babbar mota ta gifta kuwa sai salati.

Gareji biyu na je kafin wannan. Na farko ya canza min shokozoba ya tura ni alaimen, ba abin da ya canza. Na biyu ko sunkuyawa bai yi ba, ya ɗauko sifana da sukurudireba ya ɗaure sukurun nan na saman akwatin sitiyari tamau, ya ce an gama. Sitiyari ya yi tauri, in na sha kwana ba ya dawowa da kansa sai na jawo shi, yawon kuma yana nan daram.

To na ukun nan shi nake so in ba ku labari. Makanikin wurin dattijo ne, ba shi da yawan magana. Abin da ya fara yi ya ban dariya, iskar tayoyi ya auna, duka huɗun, sai ga na gaba biyu ba su daidaita ba. Sannan ya karɓi makulli muka zaga tare. Da muka dawo ya tsayar da tayoyi saiti, ya manna salatef a bakin sitiyari ya auna iya wasan da yake yi kafin taya ta motsa. Ya ce a littafin irin waɗannan motoci, misali Hilux ta wancan zamanin, milimita 30 ne iyaka. Nawa ya ninka haka har da ɗoriya.

Nan ne aikin ya burge ni. Bai ɗaga motar da jak ba, ya ce sai nauyinta na kan taya sannan wurin da ya ci yake tona kansa. Ya sa yaronsa a kujerar direba yana kaɗa sitiyari hagu-dama a hankali, shi kuma ya kwanta a ƙasa da tocilan yana bi ɗaya bayan ɗaya tun daga sandar sitiyari har bakin taya. Can sai na ji ya ce, "Alhaji sunkuyo, kawo hannunka." Ya ɗora min yatsu a kan aidila am, hannun nan da ke riƙe doguwar sandar tsakiya a ɗaya ɓangaren. Wallahi ina jin abin yana ƙas-ƙas sama da ƙasa alhali gefe da gefe kawai ya kamata ya juya, bushin ɗin ciki ya cinye. Ya haska min tayarod ɗaya na waje, robarsa ta yage giris ya bushe ƙura ta shige. Sai na uku wanda ban ma san da shi a mota ba, wata roba mai faɗi da ke haɗa sandar sitiyari da akwatin, ta tsattsage, sama yana juyawa ƙasa yana jira.

Bayan nan ne ya sa jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza don boljoyin da boris, ya kama gefe da gefe don tayarod. Boljoyin lafiya lau, kuma ya faɗa min haka, bai ce a canza ba. Boris na hagu ne ya ɗan saki ya sa masa giris ya ɗaure. Har notukan da suka riƙe akwatin a jikin shasi ya duba ko akwai tsaga a wurin.

Maganar sukurun da wancan ya ɗaure kuwa, kai kawai ya girgiza. Ya ce waɗannan tsofaffin ba rak gare su ba, wato miƙaƙƙiyar sandar nan mai haƙora irin ta ƙananan motoci, akwati ne mai 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki, kuma dama an yi shi ya fi matsewa a tsakiya, in ka ɗaure da yawa haƙoran ne ke cin juna kuma sitiyari ya daina dawowa. Shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Ya sassauta shi, bayan ya canza kayan ya riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ko kwatan juyi bai kai ba sai ya gwada.

Inda suka gaza fa, alƙawari. Kwana biyu aka ce min, sai da mota ta kwana huɗu, waya kuma sai ka kira sau biyar kafin a ɗaga. Ba su da na'urar alaimen, dole na kai wani wuri, duk da dai ya rubuta min a takarda a duba kasta, wato karkatar da ke sa tayoyin gaba su riƙa komawa saiti da kansu, ya ce in ta yi ƙasa mota na yawo ko da komai sabo ne. Yaransa kuma sun bar min baƙin mai a kujera da sitiyari, wannan ya ɓata min rai gaskiya.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Tsofaffin kayan ya zuba min a leda ya miƙo min ba tare da na tambaya ba. Yanzu sati uku kenan, har da kaya na ɗauka, tana tafiya ɗoɗar. Akwai ɗan wasa da ya rage a tsakiya, ya ce akwatin ne ya tsufa, in ya ƙaru in dawo a buɗe shi, amma kar in sake bari kowa ya kai sifana kan sukurun nan.