Pokémon Red na Game Boy: ya tsufa amma bai lalace ba

Kamfanin Game Freak ne ya ƙera wa Nintendo wannan wasa. Ya fito a Jafan a 1996, ya isa Amurka a 1998. Aikinka ka zagaya yankin Kanto kana kama halittu, iri 151 ne, ka horar da su, ka kayar da shugabanni takwas ka karɓi lambobinsu, sannan ka tunkari zakaru huɗu na ƙarshe. Na buga shi har ƙarshe, kuma na yaba masa ƙwarai, sai dai ba ya yafe sakaci.

Idan ka ci karo da kaset ɗin wajen masu kayan gwanjo a nan Kaduna, kada ka biya sai ka gwada. Fara wasa, ka adana, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa. In abin da ka adana ya ɓace, batirin cikinsa ne ya mutu, ƙaramin batiri ne da aka liƙa da dalma. Mai gyaran waya zai canza maka. Allon kuma ba shi da fitila, in an ɗauke wuta sai da tocila.

A wajen Farfesa Oak, wanda ke ba ka halittar farko, sabon shiga ya ɗauki Bulbasaur, na ciyawa. Brock da Misty, shugabanni biyu na farko, na dutse da na ruwa suke riƙewa, kuma na ciyawa ya fi ƙarfinsu duka. Wanda ya nace sai Charmander, na wuta, ya kama Caterpie a dajin Viridian. Yana zama Butterfree a mataki na 10, ya koyi dabarar Confusion a na 12, da ita za a kayar da Onix ɗin Brock. Daga nan ka nemi Abra a arewacin Cerulean. Guduwa yake, don haka jefa ƙwallon kamu tun a zagayen farko. A mataki na 16 ya zama Kadabra, kuma kusan babu mai tare masa gaba.

Wajen ajiya ne wasan ya fi ɓata min rai. Jaka kaya 20 kawai take ci. Akwatin kwamfuta ma halittu 20 yake ci, kuma in ya cika kana riƙe da shida, wasan ba zai bari ka jefa ƙwallo ba, ko da Articuno, tsuntsun da ɗaya ne tak a wasan, ne a gabanka. Canza akwati kafin doguwar tafiya. Dabarun HM, waɗanda ake buɗe hanya da su, ba sa goguwa, don haka ɗora Cut da Flash kan wanda ba ka faɗa da shi.

Wajen kamu, sa barci ya fi shanye jiki amfani. Master Ball, ƙwallon da ba ya kuskuren kamu, ɗaya tak ake samu, a ginin Silph Co., a ajiye wa Mewtwo mai mataki 70. A Safari Zone, gandun farauta na wasan, taku 500 gare ka: ɗauko haƙoran zinaren mai gandun da Surf, dabarar ƙetare ruwa, tukuna, farauta ta biyo baya.