Tsarin atisayen hunturu na Turawa a zafin Legas: makonni 16 da na yi a kansa

Ranar da na buɗe tsarin a waya, shafin farko gargaɗi ne a kan sanyi. Ka sa safar hannu, ka jera riguna uku, kada ka fita da keke idan kwalta ta daskare. Ina karantawa ina zaune a baranda a Agege da singileti, gumi na bin bayana, an ɗauke wuta tun la'asar. Na ɗan yi shiru ina tunanin ko kuɗina sun tafi ke nan.

Shekarata 41, kayan waya nake sayarwa a Ikeja. Sau biyu na shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi a watan Fabrairu ake yin sa, kuma duka biyun abu ɗaya ya same ni: ina sauka daga gadar Third Mainland ƙafafuna sun fara nauyi, kafin kilomita 30 jijiyar dambubu ta ɗaure, sauran hanyar har Eko Atlantic, inda tseren ke ƙarewa, da tafiya na ƙarasa ta. Keke kuwa tun ina yaro a Zariya nake hawa, a nan ma ranar Asabar nakan bi 'yan uwa masu keken tsere mu zaga Ikoyi. Wani daga cikinsu ne ya nuna mini wannan tsari na makonni 16 da wani koci a Ingila yake sayarwa ta intanet, wanda ya haɗa gudu da keke wuri guda. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Na haɗa da ƙarfen ɗaura keke a ɗaki na gwanjo, irin wanda ake maƙala tayar baya a kan ɗan gangan ƙarfe kana tuƙi kana tsaye wuri ɗaya, da kuma ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya.

Su can dalilinsu a fili yake. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi ga santsi, kuma manyan tserensu sai bazara, na Landan da na Boston duk a Afrilu ake yi. Don haka watannin sanyi suka zama lokacin aza harsashi: gudu mai tsawo a hankali, keke a ɗaki, ɗaga ƙarfe, ba a neman sauri sai tsere ya matso. Ba sabon tunani ba ne. Arthur Lydiard na ƙasar New Zealand da shi ya horar da Peter Snell, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1960 da ta 1964, alhali tserensa mita 800 ne da 1,500, amma watanni yake yi yana gudun nesa a hankali kafin ya taɓa sauri. Mu namu tseren a Fabrairu yake, sai na ja tsarin baya na fara a ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwan sama bai gama sakin Legas ba.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya fi amfanata, shi ne a hankalin nan. Tsarin ya ce kusan kashi 80 cikin 100 na atisayen mako a yi shi da sauƙi, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse maka magana ba. Ragowar kashi 20 ne kawai na wuta. Ni kuwa shekaruna duka gudu ɗaya na sani, wanda ba sauƙi ba kuma ba sauri ba, kullum in dawo gida a gajiye in ɗauka na yi aiki. Satin farko da na bi ɗamarar ƙirjin, sai na ga dole in riƙa tsayawa ina tafiya don bugun ya sauko. Wani dattijo da muke sallar asuba tare ya ganni ina lallaɓawa a bakin titi, ya tsayar da ni.

"Ɗana, lafiya dai? Ko ƙafar ce?"

Na ce, "Lafiya lau Baba, haka aka ce in yi."

Ya ce to Allah ya taimaka, amma dai kada in ɓoye ciwo. Na ji daɗin kulawarsa, kuma na gane yadda abin yake a idon mai kallo.

Sai wajen mako na shida na fara ganin canji. Hanyar da nake bi daga gida in haura gadar sama ta Pen Cinema in dawo, bugun zuciyata bai ƙaru ba amma mintuna sun ragu. Na daina tashi da ciwon ƙwauri. Gudun da ake yi a hankali yana ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, yana koya wa jiki ƙona kitse maimakon ya cinye ɗan sukarin da ya tara da wuri, kuma ƙarewar wannan sukarin ce take kayar da mutum a wajen kilomita 30. Kocin ya yi wannan bayani a shafi biyu cikin harshe mai sauƙi, kuma a ganina shafukan nan biyu kaɗai sun biya kuɗin.

Inda tsarin ya gaza shi ne zafi, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. An rubuta iyakokin bugun zuciya ne ga mutumin da ke gudu cikin sanyi. A Legas ko da asuba cikin Disamba ma'aunin zafi yana sama da digiri 20, ga laimar iska daga teku wadda ba ta barin gumi ya bushe. Gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya jiki ba, ya zuba ne kawai. Zuciya sai ta ƙara aiki don tura jini zuwa fata, bugu ya riƙa hawa alhali saurinka bai canza ba. Bayan minti 40 sai in ga na wuce iyakar da aka gindaya ina kan gudun da ko yaro zai bi ni. Na rubuta wa kocin na yi masa bayani dalla-dalla. Sai da aka yi kusan mako biyu amsa ta zo, layi uku, wai in sha ruwa sosai. Wannan ya ɓata mini rai, domin an tallata cewa ana amsa tambayoyi. Daga nan na yanke wa kaina hukunci: rabin farko na gudu in bi ɗamara, rabin ƙarshe in bi numfashina. Idan zan iya karanta Fatiha a fili ba tare da haki ya yanke ni ba, to ina daidai.

Haka ma lokutan da ya tsara. Gudu mai tsawo ya sa shi da hantsi, don a samu ɗumin rana. A nan duk wanda ya bi wannan zai iya ƙarewa a asibiti. Ni da na idar da sallar asuba nake fita, kuma a ranakun kilomita 28 zuwa 32 nakan shiga mota tun da duhu in tafi Surulere, in yi sallah a can, in yi ta zagaye a harabar babban filin wasa na ƙasa, inda tseren kansa yake tashi a lokacin. Akwai jama'a, akwai masu sayar da ruwa, babu danfo, wato motar haya ta Legas, da zai matse ka a gefen kwata. Wani lokaci kuma in tafi gadar Lekki da Ikoyi. Tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, amma ɗan hawan da ke cikinta yana shirya ƙafa wa Third Mainland mai kilomita 11.8, wadda babu inuwa ko ta bishiya ɗaya a kanta.

Maganar ruwa ma da kaina na gano ta. Na riƙa hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa, domin duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Wata Lahadi na ga kusan kilo biyu sun tafi duk da ledojin ruwan da na sha a hanya. Tun daga ranar nake haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, in zuba dabino bakwai a aljihun wando. Tsarin ya lissafa wasu 'yan ledojin zaƙi na musamman da ake tsotsa a hanya, masu tsada a nan. Dabino ya yi mini aikinsu, kuma cikina bai taɓa ƙin sa ba.

Sai ƙarfen keken. A kansa ra'ayina ya rabu biyu. Alherinsa shi ne ya raba ni da titi a ranakun aiki. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Agege zuwa Ikeja da safe ya san ba atisaye yake yi ba, tsira yake nema tsakanin danfo da tirela da a-daidaita-sahu. A ɗaki kuwa awa ɗaya awa ɗaya ce cif, babu birki babu tsayawa. Ranar da aka kwana ana ruwa unguwa ta cika, na yi aikina ban jiƙa takalmi ba. Tsarin ya sa keke sau biyu a mako a madadin gudu, kuma na tabbata wannan ne ya ceci gwiwata ta hagu, domin zuciya na samun aikinta ƙafa kuma ba ta dukan kwalta.

Amma ba wanda ya gaya mini zafin da ake sha. Jikin mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa ne kawai ke tafiya feda, sauran duk zafi ne, kuma a ɗaki babu iskar da ke dukanka kamar a hanya. Bature yakan buɗe taga sanyi ya shigo masa. Ni ranar farko minti 20 na yi kaina ya fara juyawa, simintin ƙarƙashin keken ya jiƙe kamar an zuba bokiti. Dole na sayi fanka mai caji, babba, na kafa ta daidai ƙirjina, kuma ina ba duk mai niyyar sayen ƙarfen nan shawara ya lissafa kuɗin fanka a cikin kuɗinsa tun farko. Gumin ma yana cin keke. Cikin wata guda kusoshin kan keken suka fara tsatsa, sai da mai gyaran kekena ya kwance ya shafa musu giris, ya ce in riƙa yafa tawul a kai. Tayar baya kuma ta suɗe ta yi sumul kafin ƙarshen Disamba. Ga ƙara. Irin nawa mai matse taya yana gurnani kamar injin markaɗe daga nesa, har uwargida ta ce, "Baban yara, ka bari sai sun tashi, jiya ƙaramar ta firgita." Na mayar da shi baranda, na shimfiɗa masa tsohuwar darduma biyu, na koma hawa bayan isha'i.

Hunturu kansa sai wajen ƙarshen Disamba ya leƙo, kuma wanda ya san na Zariya ko na Jos ba zai kira na Legas sanyi ba. Duk da haka makonnin nan su ne mafi daɗin gudu a shekara. Iska ta bushe, gumi yana tashi, bugun zuciyata ya sauko da kansa har na ga iyakokin kocin sun fara dacewa da ni. Kuɗin da ake biya shi ne ƙura. Safiya biyu da hazo ya yi kauri na fita duk da haka, na kwana uku ina tari maƙogwaro kamar an goga yashi. Bayan nan duk ranar da na ga fitilun titi sun yi dishi-dishi da asuba, sai in bar gudu in hau keke a baranda. Man kaɗanya a leɓe da diddige da tsakanin cinya ya zama dole.

Atisayen ƙarfi na minti 25 sau biyu a mako, tsugunno da ɗaga diddige a bakin matakala da makamantansu, babu abin da zan ce a kansa sai alheri. Jarkar ruwa mai lita 10 na riƙa riƙewa a madadin ƙarfe.

Ranar tsere na bar filin wasa na Surulere a hankali, mutane na ta wuce ni, irin wucewar da a da ba zan jure ba. A kan gadar rana ta fito, ruwan tabkin Legas na ƙyalli hagu da dama, na ci dabino na uku ina ji ƙafafuna nawa ne. A Ikoyi na fara cim ma waɗanda suka wuce ni da safe, wasu na tafe suna dafa ƙugu. Daga kilomita 36 na sha wuya ƙwarai, zafin ƙarfe goma ya sauko, amma jijiya ba ta ɗaure ba kuma ban tsaya ba sai wajen karɓar ruwa. Na gama kilomita 42.195 cikin awa huɗu da minti 31, sama da minti 40 ƙasa da lokacina na baya.

Wanda ya riga ya saba gudu, ya san jikinsa, kuma zai iya zama da biro ya gyara lokuta da ruwa da iyakokin bugu don su dace da Legas, ya saya, zai ci riba. Wanda yau zai fara kuwa ba na ba shi shawara, domin zai bi takardar yadda take, kuma takardar ba ta san zafinmu ba, mai ita ma ba ya amsawa da wuri. Irin wannan gara ya je Surulere da safiyar Asabar ya bi waɗanda suka daɗe a harkar. Ƙarfen keken zan ci gaba da amfani da shi idan damina ta kama a watan Yuni, amma ina tara kuɗin irin wanda ake cire tayar baya gaba ɗaya a ɗaura sarƙa a kansa, saboda ƙarar da kuma tayoyin da nake asara. Tsarin kuma na riga na kwafe shi a littafi da gyare-gyarena da jan biro, ƙanina da ke Mile 12 ya karɓa zai fara a Oktoba.